Hayaƙin Aruera

Mirta ta kwana biyu ba ta daina susa ba. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu fatarta ta yi jawur, ta feso da ƙuraje masu ruwa, in ta sosa su fashe su yi raɗaɗi kamar an barbaɗa mata barkono. Ta san inda ta kwaso su. Wandon aikin mijinta Heber ne ta wanke, bayan ya dawo daga gyaran shingen tumaki a gindin dutse, inda bishiyoyin aruera suka yi yawa.

Kowa a ƙauyukanmu na Uruguay ya san aruera, ya kuma san gaisuwarta. In ka zo wucewa da safe sai ka ɗaga hula ka ce mata barka da dare, in da yamma ne ka ce barka da asuba. Wai ta haka za ka rikita ta, ta bar ka ka wuce lafiya. Yawancinmu don raha muke yi, ko don mun taras kakanni suna yi. Heber kuwa ya riƙe abin da gaske, domin tun yana yaro yake saran aruera, ko ƙurji ɗaya bai taɓa fito masa ba.

Da Mirta ta nuna masa hannunta, dariya ya yi.

"Haba, 'yar lukutata, laifinki ne. Kin gai da wandon kafin ki wanke shi?"

Ita ba ta yi dariya ba, don ba hannunta ne ke damunta ba. Ta ga tulin itacen da ya sauke a bayan ɗaki, ta kuma gane ɓawon, na aruera ne. A gidan akwai mahaifiyarsa, Doña Zulma, mai fama da asma, wadda in sanyi ya shigo ba ta da wurin zama sai kujerar da ke jikin murhun ƙarfe a kicin, da ƙoƙon shayin mate a hannu.

Mirta ta roƙe shi kada ya sa itacen nan a wuta. Ta ce abin da ya yi mata wannan aika-aika daga jikin wando kawai, me zai yi wa ƙirjin Mama in ya zama hayaƙi? Heber ya ce kowace bishiya sai da ya gaishe ta kafin ya ɗora mata gatari, kuma sauran itacen gidan duk ruwan sama ya jiƙa shi. Doña Zulma ma ta goyi bayan ɗanta, ta ce matan yanzu tsoro ya yi musu yawa.

Hankalin Mirta bai kwanta ba. Ta faki idon mijinta ta kwashe itacen ta kai bayan garken tumaki. Heber ya gano, ya dawo da shi yana ƙunƙuni.

Ranar da sanyi ya tsananta, Mirta ta tafi gidan maƙwabcinsu Wilmar don matarsa ta sam mata man shafawa. Ta karɓa ta dawo gida. Tana tura ƙofar kicin wani hayaƙi mai ɗaci ya tare ta. Iska ce ke dawo da shi ta bututun murhu, ga ƙofa da taga a rufe gam. Heber ya cika murhun da aruera ya fita wurin tumaki. Doña Zulma tana zaune tana murza idanu.

"Ba komai, 'yata, ɗan tari ne. Rufe ƙofar, sanyi na shigowa."

Mirta ta janye ta zuwa waje, ta kashe wutar. Kafin rana ta karkata, fatar idon tsohuwar ta kumbura, leɓunanta sun yi suntum, numfashinta yana fita da fito. Ta shaƙi maganin asmarta sau da yawa, bai yi komai ba. Heber ya dawo ya ce a dafa mata ganye a jira, zai wuce. Mirta ba ta tsaya sauraronsa ba, ta ruga ta kira Wilmar da motarsa a-kori-kura.

Hanyar gari duk taɓo ce, motar tana tafiya kamar ba ta so. Heber yana baya, a buɗaɗɗen wuri, ya rungume uwarsa cikin bargo, iska tana kaɗa su ta ko'ina. Ta kama rigarsa ta ce da ƙyar, "Heber, buɗe mini taga." A lokacin ne tsoro ya kama shi.

A asibiti aka sa mata iskar numfashi. Likita ta ce maƙogwaron da huhun duk sun kumbura, ta tambaya me aka ƙona, wa kuma ya hura wutar.

"Ni ne," in ji Heber. "Don kada ta ji sanyi."

Doña Zulma ta cika washegari da hantsi, ba ta sake iya magana da kowa ba.

Mai karatu, tsiron da ke sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, hayaƙinsa ya fi haɗari ga ido da ƙirji, don haka kada a sa shi a wuta. Don abu bai taɓa cutar da kai ba, ba shi ne ke nuna ba zai cutar da na kusa da kai ba. A saurari wanda ya ji a jikinsa, kuma in numfashi ya fara sarƙewa a nufi asibiti nan take.