Alhamis ɗin Malam Hassumi

Zainaba ta zare takarda ta ɗari biyu da tara daga bakin tafireta, ta ɗora ta a kan sauran. Shekara uku ke nan tana buga wa mijinta, Malam Hassumi, kundin digirinsa na tarihin addinai a ɗan ɗakinsu na unguwar Hayyus Sabi'i. Tun 1974 suka baro Damagaram zuwa Alƙahira, ga shi yanzu 1985 ta raba tsakiya.

Abubuwan bauta biyu na tsofaffin al'ummai yake kwatantawa. Na farko Set, gunkin hargitsi da guguwar hamada a wurin Misirawan dauri, wanda aka ce bai jira lokacin haihuwa ba, ya keta gefen cikin uwarsa ya fito. Na biyu Yaldabawut, na wata tsohuwar ƙungiya masu da'awar ilimin ɓoye. A cewarsu, da uwarsa ta ga halittarsa a murɗe, da kai irin na zaki, sai ta naɗe shi cikin gajimare ta jefar nesa don kada kowa ya gani. Can ya girma bai san yana da uwa ba.

Zainaba kan yi a'uziyya kafin ta fara buga waɗannan tatsuniyoyi. Amma wannan babin ya tsaya mata a rai.

"Malam, wace irin uwa ce wannan?" ta tambaye shi. "Ko da kan zaki ya zo, ai ɗanta ne."

"Tsoro ta ji, Zainaba," in ji shi, idonsa a kan littafi. "Daga baya kuma ta rasa hanyar gyarawa."

"Kullum sai ka kare ta."

Ya juya shafi.

Ita dai ta san abin da za ta yi da an ba ta dama. Shekara tara da suka wuce aka yi mata aiki aka ciro 'yarta. Kwana uku ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo, Hassumi na zaune a gefen gadon, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata guda. Ya ce jaririyar ba ta zo da rai ba, mutanen asibiti sun binne ta. Likita ya ƙara da cewa haihuwa ta ƙare mata. Sau biyu ta roƙi a kai ta kabarin, sau biyun ya ce ma'alish, ta yi haƙuri, bai riƙe wurin ba.

Bai taɓa goranta mata ba, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Abu guda ne ba ya wasa da shi: kowace Alhamis yakan tafi gidan tarihin Kibɗawa, Kiristocin Masar, da ke tsohuwar Alƙahira, inda aka ajiye tsofaffin takardun da yake nazari. Yakan dawo da la'asar a gajiye, wani lokacin da ɗigon miya a hannun riga, ya yi ta nafila har a kira magariba.

Wata Alhamis da hantsi aka kawo talgiram daga Damagaram: mahaifin Hassumi na kwance rai a hannun Allah, a zo maza. Zainaba ta yafa mayafi, ta hau bas biyu, ta sauka a ƙofar gidan tarihin.

Mai gadin ya san shi sarai. "Ustaz Hassumi? Litinin da Talata yake zuwa, madam. Alhamis ɗakin karatu a rufe yake."

Ta tsaya riƙe da talgiram ɗin. Da ya ga yanayinta, ya nuna mata wani siririn lungu a bayan wani coci. Ya ce ya sha ganinsa yana shiga can, gidan da matan coci ke rainon yara naƙasassu.

Wata tsohuwa mai baƙaƙen tufafi ta buɗe mata, ta ja ta har bakin tsakar gida.

Hassumi na zaune a ƙasa a inuwar bishiyar lemo. A cinyarsa akwai yarinya baƙa, mai babban kai da tsagaggen leɓe, ƙafafunta sirara a lanƙwashe. Yana ba ta miyar waken adas da ƙaramin cokali, yana goge mata haɓa da hannun rigarsa, yana yi mata waƙar raino da Hausa. Yarinyar na dariya. Zainaba ba ta taɓa jin ya yi waƙa ba.

Hawaye ya cika mata ido. Ashe nan yake kawo tasa kewar, ta ce a ranta, ya ɓoye mata don kada ya tayar mata da ciwo. Kunya ta kama ta kan zargin da ya ɗarsu a zuciyarta a bakin ƙofa.

"Allah ya saka masa," ta ce a hankali. "Marainiya ce?"

"A'a, babanta ne," in ji tsohuwar cikin raɗa. "Shekara tara bai fasa Alhamis ko ɗaya ba. Da hannunsa ya kawo mana ita tana da kwana biyu, yana kuka, ya ce uwarta Zainaba ta rasu wajen haihuwa."