Saniyar da ke Kuka a Bakin Tiga

"Dokta, saniyar nan lafiyarta ƙalau," in ji Mudi, abokin aikinsa. "Mun auna jininta, mun duba kashinta. Me kuma muke nema?"

Dokta Jibrin, masanin dabbobi, ya zuba wa saniyar ido. Kamar kullum da la'asar, tsohuwar saniyar ta bar garke, ta gangara bakin dam ɗin Tiga, ta fuskanci wuri ɗaya tana kuka. Ya bi ta, ya tsaya daidai kafaɗarta, ya ɗaga hannu yana addu'a.

Da ya shafa ya ce, "Ta Innata ce. Ina karatu a Turai ta rasu, ruwa ya shanye garinmu. Ni da ta haifa na kasa gane saitin gidanmu. Ita saniyar ba ta manta ba."