Tafin Hannu a Tankin Mai

Ina kankare tankin babur ɗin marigayi Baba a rumfar askin tumaki, sai ga ɗan tafin hannu ja ƙarƙashin baƙin fenti.

"Naki ne," in ji Mama. "Kina rarrafe kika dangwala. Ranar da kika yi fushi kika koma birnin Melbourne ya shafe shi."

"Ya hutar da ni. Alƙalan gasar tsofaffin baburan da zan shiga launin kamfani na asali kaɗai suke so."

"Kankare mana, uwar taurin kai."

Na danna samfefa, ta zame. Ashe kafin ya shafa baƙin, sai da Baba ya lulluɓe hannun da ruwan ƙyalli mai kauri.

Na fesa koren kamfani ko'ina, ban da nan. Alƙalai su rage makin da za su rage.