Tsutsar da Na'ura Ba Ta Sani Ba

Tun da teku ya iso Lakwaja aka kafa doka: duk halittar da na'urar tantance halittu ta kasa faɗin sunanta, a rufe bakin ruwan da aka kamo ta har shekara bakwai. Shi ya sa Ɗanliti masunci ya shigo wurin Dakta Tasalla riƙe da kwalba mai ɗauke da wata tsutsar ruwa da na'urar ta kasa ganewa.

"Hajiya, tsutsar nan za ta hana gida sittin ɗora tukunya."

Tsohuwar ta juye tsutsar a faranti, ta zuba mata ruwan gishiri, ta naɗe hannu.

"Na'urarku gaggawa gare ta. Wa ke gane halitta tana a tsorace?"

Sai da tsutsar ta saki jiki, ta baje farin gashinta kamar auduga, sannan Dakta ta ɗauki allura tana ƙirga gaɓoɓin jikinta.

"Ga jajayen tuntayen da take numfashi da su, daga gaɓa ta uku suka fara. Tsutsar wuta ce, danginta sanannu ne. Ku koma kamun kifinku."

Ɗanliti ya yi ta godiya. Da Dakta ta zo sa hannu a takardar shaida, sau biyu biro yana kuskure layi saboda tsufa.

"Hajiya, ran da ba kya nan, wa za mu kai wa?"

Ta miƙa masa allurar.

"Zauna. Fara ƙirga daga kai."