Gasasshen Jatan Lande a Tabarka

Lutfi masunci ne. Da hannunsa ya tsaga wutsiyoyin manyan jatan landen da ya kamo, ya gasa da man shanu da tafarnuwa, ya ajiye gaban Dursaf, wadda ta zo ziyara gidan yayarsa.

"Ki aure ni, Dursaf."

Ta daɗe tana kallon farantin, ba ta taɓa ba. "Za ka sayar da kwalekwalen?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban iya wata sana'a ba."

"Haka marigayi mijina ya ce. Shekara uku ke nan da teku ta cinye shi, ko gawarsa ba a tsamo ba."

"Ni kullum zan dawo miki."

Ta gyara mayafi, ta miƙe. "Ya ma fi ka iya faɗin wannan maganar."