Kifin Ikko a Ɗakin Matar Hodi

A shekara guda na rasa mijina Hodi, na rasa jirginsa na su, daga baya har gishirin miyata na rasa. Abin da na samu kifi ne guda ɗaya, bai kai tafin hannu ba, kuma ba a cin shi.

Shekara talatin ina sayar da bandar kifi a Argungu, ban taɓa sallama kaya a tayin farko ba. Da Hodi ya shiga asibiti da ƙafarsa aka fito mini da shi a lulluɓe, na ce ni da asibiti har abada. Ɗiyata Hanifa ta yi ta fama in koma wurinta a Gwadangaji, wai na rame, wai jiri yana kayar da ni. Na ce daga gidan nan za a ɗauke ni. Gidan kuwa shiru. Sai in yi kwana biyu ban ɗora tukunya ba. Wa zan dafa wa?

Wata Talata mota ta sauke akwatin gilashi a ɗakina, da wani ɗan inji mai busa kumfa, mai aiki da hasken rana. Mijin Hanifa, Ummaru, ne ya sayo kifin daga Ikko, ɗan teku, ja mai ratsin fari. Kwana huɗu da zuwansa gidansu jikinsa ya feso da ƙuraje kamar an barbaɗa masa garin gero.

"Inna, ba wanda ya san kifi kamarki," in ji Hanifa.

Na ce zan yi jinyarsa, amma in ya rayu ba a sake yi mini zancen Gwadangaji. Ta yarda nan take. Ban so saurin nan ba. Mai saye in ya yarda da wuri, akwai abin da ya gani.

Tare da akwatin aka haɗo ni da wata mata, Baiwa, wai mai kula da irin wannan kifi. Talata da Juma'a take zuwa, da baƙar jaka da ba ta buɗewa, da kati a wuya mai rubutun boko. Ni ko sunana da ƙyar nake ganewa.

Dokokinta sun fi kifin yawa. Kafin in taɓa ruwan sai ta riƙe wuyan hannuna, wai tana duba sauran sabulu, idonta kuma a kan agogo. Ta kwashe gishirin ɗakin girkina da dunƙulen miya, wai na kasuwa in ya bi hannu guba ne ga kifin. Ta ce kada in ba shi abinci sai na ci nawa, don mai yunwa hannunta rawa yake, sai ta zuba da yawa. Safe da yamma. Sai ga ni ina hura wuta saboda kifi.

Takan zauna ta daɗe, ta tambayi barcina, ta danna ƙafata cikin wasa ta ce lallen ya kama. Rannan na tambaye ta bambancin tarwaɗa da ragon ruwa, ta yi dariya ta kama wani zance.

Kifin dai sai baya. Ya daina ci, yana goga jiki da dutse, ya lafe a kusurwa yana haki. Nakan jawo tabarma bayan la'asar in zauna gabansa. Shi an raba shi da ruwansu, ni an bar ni a nawa ba kowa. Na ba shi labarin giwan ruwan da Hodi ya kama a Matan Fada, wanda sai da mutum uku suka ɗaga. Bai kalle ni ba, amma bai katse ni ba.

Rannan na ɗanɗana ruwan. Gishiri zalla! Mu nan kifin da ya mutu ake sa wa gishiri. Na fara kwashe ludayi biyu kullum ina mayar da na rijiya. Da Baiwa ta ji, sai da ta fita waje ta buga waya kafin ta san abin faɗa. Ta dawo ta ce in tsaya haka, a gishiri aka haife shi. Na tsaya, ba don ita ba, don shi.

Ko ruwan rijiyar ne ko kwanansa ne ke gaba, Allah ya sani. A mako na huɗu ƙurajen suka zube. Ya taso ya karɓi abinci daga yatsana.

Hanifa da Ummaru suka zo ɗaukar kayansu. Baiwa na tsaye bakin ƙofa da jakarta, ta ce aikinta ya ƙare. Na kalli gurbin da akwatin zai bari a ɗakin, na ce kifi ba ya fita.

Ummaru ya ce zai sayo mini tunkiya. Na ƙi. Ya ce zai sake mini rufin ɗaki. Na ƙi. Hanifa ta ce, "To Inna, mi kike so?"

Na ce su suke so, ba ni ba, su faɗi abin da suka zo saye tun farko. Suka kalli juna. Ni da ke gane kifin jiya daga bakin kasuwa, tun ranar da Baiwa ta yi sallama na ji warin asibiti a hijabinta.

"Ga farashina," na ce. "Kifi nawa ne, Talata da Juma'a nawa ne. Malamar jinyarku ta fito da abin awon jinin daga jaka ta ɗaura mini a fili, ni kuma in sha ƙwaya ɗaya kowace safiya. Na sallama."