Igiyar Shanu a Wuyana

Ina aji huɗu a lakol, wato makarantar bokon ƙauyenmu, can wajen Gazawa, sabon malaminmu ya shirya mana wasan kwaikwayo kan cinikin bayi. Baƙo ne, bai san asalin kowa ba. Ya aro igiyar shanu, ya ɗaura mini a wuya, ya miƙa wa Habu, ɗan ajinmu, bakinta.

Da la'asar iyaye suka cika fili. Habu ya fara ja na. Kakata ta taso, ta kwance igiyar.

"Mushe," ta ce wa malamin, kamar yadda ake kiran malaman lakol, "wa ya gaya maka gidan su Habun nan ne suka sayi uwata?"

Ba wanda ya gaya masa. Ni ma ranar na fara ji. Har yau in na ji warin igiyar shanu, sai na shafa wuyana.